Wutar Nuwamba daban, ta Maris daban: inda dokar hana ƙona daji ke tuntuɓe a Bauchi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bauchi zuwa Gombe da dare a tsakiyar hunturu ya ga abin. Da ka haye gadar Dindima ka doshi Alkaleri, sai ka hango wani jan zare can gindin duwatsu, yana rarrafe kamar an ja layi da garwashi. Direba ko kallo bai ishe shi ba. Wani fasinja ya ce mafarauta ne. Na bayansa ya ce ina, makiyaya ne ke neman toho. Na bakin taga ya ce manoma ne dai, ya ja rawani ya toshe hanci. Kafin a shiga Alkaleri an koma hirar kuɗin taki. Ba mamaki kuma a daidai wannan lokaci mai sanarwa a rediyon motar yana ta jan kunne cewa gwamnati ta hana ƙona daji, duk wanda aka kama ya kuka da kansa.

Tun ina yaro nake jin wannan sanarwa, tun ina yaro kuma nake ganin wannan jan zare. Kowa na kan bakansa.

Doka kam akwai ta. A 2011 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan ƙona daji da gandun daji da ƙone-ƙone a fili, ƙarƙashin NESREA, hukumar da aka kafa a 2007 don tabbatar da ana bin dokokin muhalli. Jigon ƙa'idojin shi ne ba a cinna wa daji wuta sai da izini. Kafin nan ma, kundin laifuffuka na Arewa da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa ɓarna da wuta cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu. A jiha ga BASEPA, hukumar kare muhalli ta Bauchi, ga ma'aikatar muhalli, ga malaman daji a ƙananan hukumomi. Amma ni dai har yau ban haɗu da manomin da ya ce mini ya je ya karɓo takardar izinin ƙona saurarsa ba. Ina ma zai je? Mutumin Duguri ko Gwana zai biya kuɗin mota zuwa Bauchi don a ba shi takardar abin da ashana ɗaya za ta gama masa kafin la'asar?

Abin da na gani shi ne, sanarwarmu ta ɗauki wuta a matsayin abu guda, alhali mutanen karkara sun san wuta iri-iri ce. Hausa ma ta raba su. Akwai toyi, wanda mutum ke yi da niyya, ya san inda zai fara da inda yake so ta tsaya. Akwai gobara, wadda ta ƙwace. Abin da ke mayar da toyi gobara kuwa abu uku ne da kowane tsoho a ƙauye zai lissafa maka: wata, sa'a da iska. Dokar da ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin ukun ba, sai dai ta ce "an hana" kawai, ba ta yi magana da mai ashana a aljihu ba.

Ɗauki watan tukuna. Ruwa na ɗaukewa a nan cikin Oktoba. A Nuwamba, a kudancin jiha, gamba da kyasuwa sun fara ja amma gindinsu da sauran ɗanye, raɓa na sauka da asuba, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Wutar da aka sa a wannan lokaci ba ta da ƙarfi. Takan lashi nan ta tsallake can, ta bar tsibiri-tsibiri na ciyawa inda zomo da fakara za su fake, idan dare ya yi sanyi ta mutu da kanta. Harshenta ba ya kai rassan kaɗanya. To bari a kai ƙarshen Janairu zuwa Maris. Iskar arewa maso gabas ta yi wata biyu ko uku tana busar da komai, laimar iska da rana tsaka takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe na tsagewa, kujerar katako na ƙara da dare. Ciyawar nan da ta fi mutum tsayi ta zama auduga. Wutar wannan lokaci ba ta barin tsibiri. Tana hawa tudu da gudu, tana jefa tartsatsi gaba ta haye hanya, tana cin ƙananan itatuwa har saiwa, ta babbake bawon manya. Mummunan abin shi ne a daidai lokacin ne kaɗanya da ɗorawa ke fure. Wuta ɗaya a Fabrairu, matan ƙauye sun yi asarar man kaɗe da kalwar daddawa na shekara, kuma ba wanda zai rubuta wannan asara a ko'ina.

Wannan ba zancen tsofaffi ba ne kawai. A 1936 wani Bafaranshe masanin daji mai suna Aubréville ya yanki fili a Kokondekro, kusa da Buwake a Kwaddebuwa, ya raba shi uku. Kashi ɗaya ana ƙona shi kowace shekara da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, na ukun aka kare shi daga wuta gaba ɗaya. Aka yi shekaru gommai ana maimaitawa. Wanda ake ƙonawa a makare ya koma fili mai ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu taurin rai. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa. Wanda aka kare ya zama kurmi. Mai son hani zai ce to ga shi, karewa ta fi. Haka ne, a fili mai ɗan faɗi da ake biyan masu gadi su share kewayensa kowace shekara. Dajin Bauchi ba shi da wannan gata. Dajin da aka hana wa wuta a Nuwamba tara mata abinci yake yi, ranar da wani ya yar da guntun sigari a Maris sai ta ci na shekara biyu a zama ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba sai mun je Kwaddebuwa ba ma. Yankari na nan a Alkaleri, murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Masu gadinsa da kansu suke sa wuta da farkon rani, don a rage ciyawa kafin ta zama haɗari, sabon toho ya fito wa dabbobi, baƙin da suka zo wanka a maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki su iya hango giwa da gwanki daga mota. Wato a cikin gandu toyi da wuri aiki ne na hukuma, ana biyan mutum albashi ya yi shi. Da ka fito ƙofar gandun ta Mainamaji, aikin nan ɗaya ya zama laifi a bakin rediyo. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun suna ganin hayaƙin, ba kuma yara ba ne.

Su wane ne ke kunnawa? Gardamar cikin motar nan kowa da gaskiyarsa, sai dai kowa ɗan'uwansa yake nunawa. An fi ɗora wa makiyaya, amma maganar ba ta miƙe haka ba. Gamba ciyawa ce mai saiwa da ke rayuwa shekara da shekaru. Idan aka ƙone ta tun ƙasa da danshi, cikin 'yan kwanaki sai ta yi toho kore, shanu su samu abin da ya fi busasshen kara amfani. Kyasuwa da ire-irenta kuwa daga iri suke fitowa kowace damina, idan wuta ta cinye su shi ke nan sai baɗi. Saboda haka Bafulatanin da ke kiwo inda gamba ta yi yawa yana da dalilin toyi, da wuri, shi kuwa wanda ke arewa wuta babbar maƙiyiyarsa ce, don abincin shanunsa na rani take cinyewa a yini ɗaya. Na sha jin Ardo na kuka da wuta fiye da Sarkin Noma.

Manomi nasa dalilin ya fi yawa. Sabon sassabe ba ya shiga garma sai an ƙone ƙaya da kututture. Tsutsar da ke huda karan dawa tana kwana cikin busasshen kara har damina ta zagayo, wuta na kashe ta. Ga maciji. Wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa asibitin saran maciji na Kaltungo saboda kububuwa, ba za ka gamsar da shi cewa ya bar duhuwar ciyawa a bayan gidansa ba. 'Yan shekarun nan kuma an ƙara wani dalili mai ɗaci: a wasu yankunan Toro da Ningi da Alkaleri mutane na ƙone ciyawar bakin hanya don kada masu satar mutane su samu maɓoya. Inda manomi ke ruɗin kansa shi ne batun toka. Gaskiya ne toka na da amfani, abin da ke sa ruwan toka ya yi kaifi a miya shi ne ke ɗan taimakon shuka. Amma naitirojin, wato abin da yake zuwa ya saya da tsada a buhun yuriya, hayaƙi ne ke tafiya da yawancinsa. Tokar ma da ta rage, iskar hunturu ta kwashi rabonta, ruwan farko ya wanke saura zuwa kwari, ƙasa ta zauna tsirara. Karan da aka bari a kwance gara za ta ci ta mayar da shi ƙasa, ya kuma tare gudun ruwa.

Masu cin zuma da masu gawayi nasu sakaci ne, su bar garwashi su tafi. Wutar da ba ta da wani uzuri a wurina ita ce ta farauta, kuma ita ce ta taɓa mu a gida.

Wata shekara, ƙarshen Disamba, Baffana ya gama yankan dawa, an ɗaure, an jibge dammuna a tsakiyar gona ana jiran amalanke. Wajen azahar wasu samari suka bi gafiya har rami a wata saura da ke gabas da gonar, suka cusa ciyawa a bakin ramin suka kunna don hayaƙi ya koro ta. Iska na kaɗawa sosai ranar. Muna zaune a ƙofar gida muka ji ihu, muka fita da gudu kowa ya karyo ɗanyen reshen darbejiya. Abin da ba na mantawa shi ne ƙarar, kamar ana yayyaga sabon yadi, sai kuma shaho da suka taru a sama suna cafke farar da ke tsere wa wuta. Ka doke nan, ta ɓullo bayanka. Kafin mu kai tsakiyar gona tarin ya kama, ƙamshin dawa ya cika wurin kamar ana gugguru. Dami 40 ne a wurin. Abin da muka janye bai kai goma ba, su ma sun sha hayaƙi. Baffa ya tsaya da reshe a hannu, gashin girarsa ya babbake, ya tambayi ɗaya daga cikin yaran, wanda tsoro ya hana shi gudu:

"Kai, nawa kuka kama?"

"Biyu, Baba."

Bai ce masa komai ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka ji, ɗana. Gafiya biyu."

Ba wanda ya yi tunanin kiran 'yan kwana-kwana. Kafin mota ta taso daga gari ta sami hanyar gonar, ai ihu ne bayan hari. Ba kuma wanda ya ambaci wata dokar 2011. Gaban dagaci aka tafi washegari. Iyayen yaran suka durƙusa: "Ranka ya daɗe, yara ne, tsautsayi ne, ba da gangan ba ne." Dagaci ya dubi Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, me littafi ya ce?" Liman bai fara da wa'azi ba. Tambaya biyu ya yi: da wane lokaci suka kunna, kuma akwai iska ko babu? Aka ce da azahar, iska kuwa har hula take cirewa. Sai ya ce a Muhtasar na Shehu Halil, cikin abubuwan da aka lissafa mutum na biyan ɓarnar da suka jawo, akwai hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi. Masu sharhi suka ce da a ranar da iska ta kwanta ya kunna, sannan ta taso masa ba zato, da babu ramuwa a kansa. Ya ƙara da cewa a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne. Aka yi sulhu, iyayen suka haɗa dammuna, Baffa ya yafe rabi.

Na daɗe ina juya wannan zama a raina. Littafin da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, wanda ake karantawa a zaurukan Bauchi har gobe, bai ce kunna wuta a gonarka laifi ba ne. Cewa ya yi dubi ranar. Wannan ya fi sanarwar rediyonmu kusa da abin da masana wuta ke faɗi a yau, ya kuma fi ta shiga kunnen mutane, don sun san daga inda ya fito. Haka hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga gidan tururuwa da aka ƙone ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Huɗubar Juma'a ɗaya a kan wannan a farkon Disamba ta fi allon gargaɗi goma a bakin titi.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ma ta nan suka bi. A jihar Bajiniya ta Amurka akwai dokar da suke kira ta ƙarfe huɗu: daga 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu ba a kunna wuta a fili kusa da daji kafin ƙarfe 4 na yamma, saboda a lokacin iska ta fara kwantawa, laima ta fara dawowa. Jihar Niyok ta hana ƙona sharar itace daga 16 ga Maris zuwa 14 ga Mayu kowace shekara. Kwanan wata ne ƙarara, yaro ma zai haddace. A kusa da mu, Ghana ta sha wuya a 1983, lokacin da gobarar daji ta haɗu da fari ta cinye gonaki har aka shiga yunwa. Dokar da suka yi a 1990 ta tanadi 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka, ta sauko da aikin ƙasa. Ba na cewa wuta ta daina ci a arewacin Ghana, tana ci. Amma akwai wanda za a kira a cikin ƙauyen.

To sai a ce mu ma a yanka rana, a ce daga kaza zuwa kaza a yi toyi, daga nan an rufe. A nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da ya fi dacewa da toyi, Nuwamba zuwa farkon Disamba, shi ne lokacin da amfani ke gona. Dawa ba ta gama shiga rumbu ba, wake na kan shuka, auduga a wajen Gombe sai ta kai Janairu ana tsinka. Makiyayi na son ya ƙona da wuri don toho, manomi na cewa a dakata sai na kwashe. Kafin manomi ya kwashe, ciyawa ta bushe ƙayau, lokaci mai sauƙi ya wuce. Shi kuma manomin, sharar gonarsa sai Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da daji ya fi kowane lokaci haɗari. Wato kalandar noma da kalandar wuta sun yi hannun riga. Duk dokar da ba ta warware wannan ba, takarda ce.

Ana iya warware shi, amma sai an raba daji da gona. Toyi na farkon rani na daji ne da saura da bakin hanya da bayan gari, kuma ba ya farawa sai an share kewayen gonakin da ke da amfani da masussuka da rumbuna, faɗin da wuta mai rauni ba za ta tsallake ba. Aikin gayya ne, yini ɗaya ko biyu, da yamma lis ko da asuba kan raɓa, Sarkin Noma da Ardo da Sarkin Baka duk suna tsaye, kowa ya san ranar tun mako guda kafin ta zo. Daga nan a rufe. Daga ranar da aka rufe har ruwa ya sauka, babu sakin wuta a daji ko da wane dalili. Sharar bazara kuwa a tara ta tsibi-tsibi a tsakiyar gona, a ƙone bayan la'asar, mai gona na tsaye har ta mutu, maƙwabcin gona ya sani. Wutar farauta babu ita a kowane wata. Wanda ya saɓa, ya biya abin da ya ƙone. Tara da ke shiga asusun gwamnati ba ta ba kowa tsoro kamar a ce ka auna wa maƙwabcinka dawa daga rumbunka a gaban jama'a.

Ranar rufewar kuma ba za ta zama ɗaya a duk jiha ba, balle a yanko ta daga Abuja. Toro da Dass da Tafawa Balewa da Bogoro sun fi samun ruwa, ciyawarsu na daɗewa da ɗanye. Katagum da Gamawa da Zaki ruwansu kaɗan ne, ya kuma riga ɗaukewa. A can arewa ma tambayar ta kusa kashe kanta: kara da harawa sun zama kuɗi, ana ɗora su kan itace da rufin ɗaki, masu kiwon raguna na saye dami-dami, ba mai cinna wa kuɗinsa wuta. Abin da suke bukata shi ne a kare musu abin da suka tara, da shuke-shuken da ake dasawa. Bauchi da Gombe na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dashen itatuwa don tare hamada, Gombe ta ƙaddamar da nata shirin dashen itatuwa a 2019, ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Dashen da bai kai shekara uku ba, wuta ɗaya ta ishe shi. Ana ɗaukar hoto ranar dasawa a Agusta. Ina ma a riƙa komawa a ɗauki wani a Maris.

Kayan aikin sanin ranar ma ba su gagara ba. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da gargaɗin ƙurar hunturu da ƙarfin iska. Ƙara jimla ɗaya a labaran safe na gidajen rediyon jiha, cewa yau ba ranar kunna wuta ba ce, ba zai ci kasafin kuɗi ba. Taurarin ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na nuna duk inda wuta ke ci a doron ƙasa, kyauta a intanet, mai waya a hannu ma zai iya buɗe taswirar ya ga jajayen ɗigo a kan Alkaleri da Kirfi. Su ne suka nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na duk ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take. Don haka ma'aikacin da ke ofis a Bauchi zai iya sanin gundumar da ta yi toyinta da wuri da wadda ta bari ya makara, ba tare da ya sayi man mota ba.

Ina sane da ramukan da ke wannan hanya. Dagaci da mai unguwa ba su da wani iko da tsarin mulki ya rubuta musu, sai na girmamawa, shi ma yana raguwa. Inda aka ce sai da izini, nan da nan wani zai buɗe teburin karɓar na goro. Inda kuma manoma da makiyaya ke zaman doya da manja, ranar toyi na iya zama sabon abin faɗa, ko a riƙa laƙa wa baƙon makiyayi duk wutar da ba a san mai ita ba. Akwai ma masu sa wuta don ramuwa, su kam ba kalandar da za ta hana su. Hayaƙi kuma hayaƙi ne ko na wane wata, mai asma da jariri suna shaƙarsa a kan ƙurar da ta riga ta ishe su, ko da yake wutar farkon rani ba ta cin ciyawa da yawa kamar ta ƙarshe. Duk da haka, idan aka auna da abin da muke ciki, inda kowa ke kunnawa a ɓoye ya gudu don an ce laifi ne, ba mai tsayawa ya tsare ta, ba mai gaya wa maƙwabci, ni na fi son wutar da aka san mai ita.

A bazarar da ta biyo bayan gobarar nan na raka Baffa sharar gona. Mun tara ƙaya da guntayen kara tsibi shida, mun share kewayen kowanne da fartanya har ƙasa ta fito fes. Bayan la'asar ya aiki yaro ya gaya wa mai gonar yamma da mu. Muka zauna gindin gawo muna jira rana ta yi sanyi. Da ya ga lokaci ya yi sai ya tashi, ya ciro ashana, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa a tafin hannu, ya ɗaga ya sake ta a hankali. Ƙurar ba ta sauka a ƙafarsa ba, ta yi yamma, wajen zanar da maƙwabcin ya jingine. Ya sake ɗiba ya sake saki. Haka dai.

Ya mayar da ashanar aljihu, ya karkaɗe hannu.

"Ɗauko fartanyun mu tafi," in ji shi. "Ba yau ba."